Yadda Na Rage Miki Albashi

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah shi sa lokacin da za ki buɗe wannan takarda kin riga kin sauka Damagaram lafiya, ke da kayanki duka, ba ciwon kai ba ciwon baya. Na cusa ta cikin jakarki ne tun kina sallama da maƙwabta, don abin da ke ciki ya fi ƙarfin bakina. Innarki tana gaishe ki. Ni dai kwana goma ke nan ba ta gaishe ni da kyau ba, kuma dalilin yana cikin wannan takarda, amma sai can ƙasa. Ki bi ni a hankali, kada ki tsallake.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Ke kin yi lakkwal, makarantar boko, ni kuwa karatun manya na yi bayan furfura ta fara fito mini, shi ya sa layukana ke hawa suna gangara kamar hanyar Adar. Ba labarin gida zan ba ki ba, kin san shi. Wautata zan ba ki, wadda na daɗe ina ɓoye muku a ƙarƙashin rawani.

Kin san a Takanamat aka haife ni. A can, lokacin da nake tasowa, aiki ba shi da farashi. Yau a yi gayya a gonar wane, a sha hura a tashi, gobe a zo taka. Mahaifina ya sha gaya mini cewa ɗan mutunci ba ya tambayar ladan guminsa, Allah ke biya. Gaskiya ya faɗa, amma a ƙauye, inda wanda ka yi wa noma yau shi zai yi maka gobe. Bai gaya mini cewa a birni gobe ba ta zuwa da fartanya ba, don shi ma bai sani ba.

Shekarar da damina ta ƙi mu, tsararrakina duka suka tafi bida, neman kuɗi a Abijan. Ni mota ke juya mini ciki, kafin mu iso Tawa na yi amai sau uku, sai na ce nan ma ƙasar waje ce, na sauka. A tasha na haɗu da wani saurayi ɗan Kalfu, Abdu, shi ma aiki yake nema. Tare aka kai mu wurin Alhaji Gado, Bamaradi mai fataucin hatsi da wake, wanda ke neman masu ɗaukar buhu.

Abdu aka fara kira. Kafin Alhaji ya gama bayani, Abdu ya tambaye shi nawa ne a wata, ran nawa ga wata ake biya, kuma abincin rana a kan wa yake. Ni da nake tsaye a gefe na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce a raina wannan bai sha nonon kunya ba. Alhaji ya ɓata fuska, suka ja suka ja, suka daidaita. Da aka zo kaina Alhaji ya ce, “Kai fa, nawa za a ba ka?”

Na sunkuyar da kai na ce, “Haba Alhaji, ai ɗa ba ya ciniki da ubansa. Abin da ka ga dama.”

Alhaji ya ɗora hannu bisa kaina, ya ce rabon da ya ga yaro mai tarbiyya irina tun yana Maradi. Ranar na yi ta tafiya kamar an naɗa ni sarauta. Da wata ya ƙare aka ƙirga wa Abdu kuɗinsa cif. Ni kuwa aka ba ni albarka mai tsawo, da tsohuwar rigar Alhaji wadda mutum biyu irina za su shiga, da ɗan abin da ya kira na goro. Daga nan na gane cewa damar Alhaji ba ta tsayawa wuri ɗaya. In wake ya yi tsada ta faɗaɗa, in cikinsa ya ɓaci ta tsuke. Na koyi duban fuskarsa da safe yadda manomi ke duban hadari. Wani watan a yi ruwa, wani watan iska kawai.

Ban ce Alhaji ɓarawo ba ne, Allah shi jiƙansa. Ni na buɗe rumbu na ce a ɗiba yadda aka so. Abdu kuwa, da ya san abin da ke shigo masa, ya san abin da zai ajiye. Ya sayi amalanke, daga amalanke ya buɗe shago. Shekara da shekaru ina kiransa mara kunya, yau in na je shagonsa Alhaji nake ce masa, shi ke ba ni kujera. Saboda haka, Uwani, duk aikin da za ki yi wa mutum, a yanke magana kafin ki sunkuya. Kunya ado ce, ki riƙe ta wajen gaisuwa da sutura da cin abinci a gidan mutane. Amma ba a awon hatsi da ita.

Bayan na auri innarki, aka haifi yayyenki, ke ma kika zo, baki ya yi yawa, damar Alhaji tana nan yadda take. Innarki ta matsa mini in je in nemi ƙari. Kwana uku ina gwada maganar a gaban tunkiyarmu, har na iya ta tsaf, tunkiyar ma ta daina kallona. Rana ta huɗu na shiga zauren Alhaji. Na gaishe shi da kwana, da gajiya, da iyali, da kasuwa, da kamiyon hatsin da ya tafi Konni. Da na zo bakin maganar sai harshena ya kauce, na koma kan iyali na sake gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Alhaji ba yaro ba ne, ya san abin da ke sa talaka ya gai da mutum sau biyu. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani babban tarin makullai ya ajiye a gabana.

“Daga yau kai ne mai magaza,” in ji shi. “Duk cikin mutanena ba wanda na yarda da shi kamarka.”

Magaza ita ce babban ɗakin da ake tara buhunan. Na karɓa da hannu biyu har idona ya kawo ruwa. Ban bi gajeriyar hanya zuwa gida ba, sai da na ratsa tsakiyar kasuwa ina kaɗa su don kowa ya ji. Innarki ta tare ni a ƙofa ta tambayi nawa aka ƙara. Na ɗaga makullan na girgiza mata. Ta dube su, ta dube ni, ta koma bakin murhu.

Washegari da rana na dawo cin abinci, na rataye makullan a ƙusa na ɗan kishingiɗa. Ta kawo kwano a rufe, ga miyar kuka a gefe tana ƙamshi. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na buɗe. Makullaina ne a ciki, ta jera su da kyau.

Ta ce, “Ci, mai magaza. In ba su ishe ka ba, gobe ka karɓo kwaɗon ƙofar in yi maka kwaɗo da shi.”

Na yi fushi har na ƙi shan hurar da ta kawo daga baya, na kuma sha da ta juya baya. Amma ita ke da gaskiya. Tun da na karɓi makullan nan ni ke fara zuwa, ni ke ƙarshen tashi. In ɓera ya huda buhu ni ake tambaya, kamar ni na haife shi. Aiki ya ninka, abin da ake ba ni ko motsi bai yi ba. Ke ma wata rana za a kira ki a ce kin zama shugabar wasu, a ba ki tebur ko hula mai rubutu. Ki yi godiya da kyau, sannan ki tambayi abin da ke biye da sunan. In an ce sai nan gaba, ki tambayi wane wata ne ake kira nan gaba.

Kada ki ɗauka wautata gefe ɗaya take. Na taɓa faɗawa ta ɗaya gefen ma. Kina da shekara uku wani mutum ya zo Tawa, da kwat da jaka mai walƙiya, ya ce ya kawo aikin gina rijiyoyi wajen Tebaram. Kuɗin da ya ambata a wata, ko Abdu bai taɓa jin irinsu ba. Ya raba mana huluna iri ɗaya masu rubutun da ban iya karantawa ba lokacin. Duk haushin shekarun da na haɗiye ya taso mini. Ban yi wa Alhaji sallama ba. Na ajiye masa makullansa bisa sikeli, na hau mota, na yi amaina har Tebaram ina murna.

Wata biyu muna haƙa. Da muka tarar da dutse, mai kwat ya ce zai je Tawa ya ɗauko kuɗinmu a banki. Har yau yana kan hanya. Mu tara muka zauna bakin rami, da huluna iri ɗaya, muna kallon hanya kwana shida. Mutanen garin ne suka ji tausayinmu suka riƙa ba mu hura. Na dawo Tawa a bayan kamiyo, tsakanin awaki.

Na je wurin Alhaji na durƙusa, ina jiran zagi. Ya dubi hular da ke kaina, wadda na manta ban cire ba, ya tambaya ko rijiyar ta yi ruwa. Na ce ba ta yi ba. Ya ce to, Allah shi kyauta, ya miƙo mini makullan. Har ya bar duniya bai sake tada maganar ba. A gida innarki ta gaya mini cewa duk mako yana aiko muku da hatsi tun ranar da na tafi. Ta ce da ƙyanda ta kama ki jikinki ya yi zafi kamar garwashi, shi da kansa ya zo da motarsa ya kai ku asibiti, ya zauna a benci har aka duba ki. Ni ina can ina gadin rami.

Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Kuɗin da ke bakin mutum ba albashi ba ne. Kafin ki bar abin da ke hannunki don wani ya ambaci mai yawa, ki nemi wanda ya taɓa yi masa aiki ki ji ko an biya shi. Na biyun kuwa a kanku yake, ku yaran yanzu. Na ji ana cewa in ɗayanku zai bar aiki, kashe salularsa kawai yake yi. Wannan ba wayewa ba ce, irin abin da na yi ne da sikeli. In za ki tafi ki je da ƙafarki, ki faɗi dalilinki, ki yi godiya, ki nemi gafara. Ƙofar da kika fita da sallama ita kaɗai za ki iya komawa ba tare da kin durƙusa ba.

To amma alherin mutum da shi ake binne shi. Da Alhaji ya rasu, babban ɗansa ya dawo daga karatu ya karɓi harkar, ya zo da kwamfuta. Yaro ne mai ladabi, Baba yake ce mini. Ya kira ni buro, wato ofishinsa, ya ce in kawo takardata ta aiki don ya san yadda zai sallame ni, tun da gwiwata ta fara ƙin buhu. Na ce wace takarda, ai duk Tawa an san ni ne mai magaza. Ya daddanna na'urarsa, ya juyo da ita in gani, ya ce sunana bai fito ko'ina ba. Akwai sunan direbobi, akwai na mai gadi, har lambar kamiyon da ya mutu tun tuni tana ciki. Ni da na yi shekara talatin da wani abu, ba ni. Ɗa ne ni, ba a rubuta ɗa cikin ma'aikata. Da aka zo rabon gado kuma ba a rubuta ni cikin ɗiyan Alhaji ba.

Ya sallame ni da ɗan abin da ya ga ya dace, da agogon bango mai kyau. Shi ne wanda ke rataye a ɗakin innarki. Ki duba wannan hikima: ranar da ba ni da sauran wurin da zan je a kan lokaci, ranar aka ba ni agogo. Don haka ki riƙe takardarki kamar yadda kike riƙe katin haihuwarki. Ki sa a buga miki wata ki ajiye wani wuri daban, inda gara ba ta kai. Ko maigidanki waliyyi ne, ba ki san wanda zai gaje shi ba.

Yanzu kin san inda nake yini, a fadarmu ta tsofaffi a gindin itacen ƙofar Abdu. Ba mu da aiki sai shan shayi da zagin 'yan zamani. Mu ce ba su da haƙuri, suna son hutun kwana biyu a mako kamar masu jego, suna tambayar kuɗi tun gumi bai fito ba. Kowa ya ba da labarin buhun da ya ɗauka a zamaninsa, kuma kullum buhun ƙara nauyi yake. In an kira salla kuwa sai an ja rabinmu kafin mu miƙe. Abdu kaɗai ba ya sa baki. Wata rana ya ce mana da safe mu zage su, da yamma mu zauna jiran abin da za su aiko. Sai wani ya ce shayin ya yi ɗaci.

Da wannan kan nawa, na fada, na saurare ki ranar da kika dawo daga ganawa da Malam Haru, mai kamfanin famfunan da ke aiki da hasken rana. Shekara biyu kina zaune da takardar gama karatunki ba aiki, sai ga wannan. Kin zauna a tabarma kina ba mu labari kina dariya. Kin ce kin tambaye shi albashi, da ya faɗa kin ce bai kai ba, kin gaya masa naki. Kin tambayi kuɗin mota na zuwa ƙauyuka, da ranakun hutu, da wanda zai biya magani in kin faɗo daga bisa tanki. Kin ce a rubuta duka. Kin ce ya yarda. Innarki ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na ture kwanon hurata gefe. Duk abin da na ba ki labari a sama na san shi, a jikina aka rubuta shi, amma abin da kawai nake ji shi ne ɗiyata, mace, ta zauna gaban babban mutum tana ciniki kamar dillalin shanu. Na ce me za a ce da gidanmu.

Ga abin da ban gaya miki ba. Washegari da hantsi, kin tafi gidan ƙawarki, innarki ta tafi suna, na ciro babbar rigata daga akwati, na shafa turare, na tafi buron da Malam Haru ke sauka in ya zo Tawa. Ya karɓe ni da girma, ya sa aka kawo shayi. Na ce na zo ba da haƙuri ne. Na ce yarinya ce, lakkwal ta sa bakinta ya yi kaifi, amma gidanmu ba haka muke ba. Na ce ya manta da duk abin da kika lissafa, ya ba ki abin da ya ga dama, mu albarka muke nema.

Ya ajiye kofin shayinsa. Ya tambaya ko ke kika aiko ni. Na ce a'a, amma ni na haife ki. Ya ce to, ya ji, ya gode. Na fito ina jin na wanke sunan gidanmu, har na tsaya na sayi tsire a hanya.

Kwana uku bayan haka takardar ta iso. Kin san abin da ke ciki: an rage albashin, an cire kuɗin mota. Ina zaune ina kallonki kina karantawa kina sake karantawa. Kin ce wataƙila akwai tambayar da kika amsa ba daidai ba. Kin ce wataƙila don ke mace ce. Kin ce in kin ƙi, wa ya san ko sai bayan wasu shekara biyu, in kin karɓa kuma kuɗin ɗaki da na mota za su cinye shi. Kika shiga ɗaki, ba ki ci abinci ba. Uwani, na ɗauki buhu iri-iri a rayuwata, ban taɓa ɗaukar abin da ya kai shirun da na yi a ranar nauyi ba.

Innarki ba ta yi lakkwal ba, amma da an ba ta aikin ɗan sanda da ɓarayin Tawa sun ƙaura. Ta buɗe akwati neman wani abu, ta ga babbar rigata ba yadda ta ninke ta take ba, ta shinshina ta ji turare. Ta zo ta tsaya a kaina ta tambayi wa ya mutu, wa ya yi aure, da na sa babbar riga ran Talata. Na ce gaisuwa na je. Ta ce gaisuwar wa. Kafin tambaya ta huɗu ba ni da sauran wurin ɓuya, na faɗi gaskiya.

Ba ta ɗaga murya ba, don kada ki ji. Ta ce, “Ka ba da guminka kyauta shekara talatin, na yi haƙuri don naka ne. Yanzu naka ya ƙare ka koma rabon na ɗiyarka.”

Ta ce in koma in gyara abin da na ɓata, in ba haka ba in je Abdu ya riƙa ciyar da ni. Na ce mata ni ban iya cinikin albashi ba, ban taɓa yi ba. Ta tuna mini ragon layyar bara, wanda na tsaya a kansa tun hantsi har azahar, har mai ragon ya roƙe ni don Allah in ɗauka in tafi. Ta ce in ina iya yi wa rago haka, in je in yi wa ɗiyata.

Na koma. Wannan karon ko shayin ban taɓa ba. Na ce, “Malam Haru, na zo tada cinikin da muka yi ne. Na sayar maka da abin da ba nawa ba, mai shi kuwa ba ta sani ba. Ko a gaban alƙali wannan ciniki bai yiwu ba.”

Ya yi murmushi ya ce ai ni na ce a rage, kuma takarda ta riga ta tafi Damagaram wurin abokin harkarsa. Ya ɗan ƙara wani abu kaɗan. Na ce albarka. Ya yi dariya ya ce nan ba kasuwar dabbobi ba ce. Na ce duk inda ake saye ana sayarwa kasuwa ce. Daga nan bakina ya buɗe. Na gaya masa yadda kika gyara famfon unguwarmu bayan maza uku sun kwance shi sun kasa mayarwa. Na ce kina hawa tanki ba jiri, ba ki taɓa makara ba, ba ki da ciwo sai mura. Saura kaɗan in ce ya duba haƙoranki. Ya ƙara, na ce albarka, na miƙe na nufi ƙofa. Ya kira ni na dawo. Muka sake, na sake miƙewa.

A tashi na uku ne gwiwata ta hagu ta ƙage, daidai bakin ƙofa. Kin san yadda take yi mini. Na kasa gaba na kasa baya, na dafa ƙyaure na juya masa ƙeya, na cije baki don kada in yi nishi. Shi kuwa ya ɗauka taurin kai ne. Ya yi magana ban juyo ba, don ba na iyawa. Ya sake ƙarawa ban motsa ba. Can na ji ya ce shi ke nan, Baba, a mayar mata da yadda muka yi da ita tun farko, zo ka zauna. Na ce ya zo dai ya kama ni.

Da ya zaunar da ni ya gane abin da ya faru, ya yi dariya har da hawaye, amma ya ce magana ta fita ba ta komawa. Kuɗin mota ne ya ƙi. Na yi na yi, ya ce abokinsa ya riga ya soke su, sai dai bayan wata shida a sake dubawa. Na sa ya rubuta haka da alƙalaminsa, na kuma karanta da kaina, baƙi bayan baƙi, yana jira. Da zai raka ni ya ce da haka na yi wa kaina tun ina saurayi, da yanzu ni ke da kamfani. Da wasa ya faɗa. Sai da na zauna a gindin wani bango a hanya na daɗe kafin in iso gida, kuma ba gwiwar ce kaɗai ta zaunar da ni ba.

Da takarda ta biyu ta zo kin yi tsalle kin ce, Baba ka gani, sun san darajata. Na ce haka ne. Sun san ta tun ranar farko, ke kika gaya musu. Ubanki ne bai sani ba. Yanzu kin san dalilin da ya sa wata shida za ki riƙa biyan mota daga aljihunki. Ba kuskurenki ba ne, ba kuma don ke mace ba ce. Ranar da wata shidan suka cika ki je da kanki ki nuna wa Malam Haru rubutunsa, ga shi na ninke cikin wannan takarda. Kada ki aiki kowa, kada ki bar kowa ya yi magana a kan guminki, ko da mai furfura ne, ko da ni ne.

Sai dai ki bar ni in ba ki abu ɗaya daga namu na tsofaffi, don ba duka ne wauta ba. Shekarun da na riƙe magaza, tiya ɗaya ba ta taɓa bin ni gida ba, kuma buhun da ke can ƙurya inda ba mai dubawa, yadda na ɗinke na gaba haka na ɗinke shi. Ke ma za a tura ki ƙauyen da maigidanki ba zai taɓa takawa ba. In kin ɗaura waya sakaka ba wanda zai gani, sai matan da za su wayi gari famfo ba ruwa su koma tafiyar rijiya mai nisa. Kin nemi haƙƙinki cikakke, to ki ba da aikin cikakke. In albashin farko ya zo kada ki aiko mana da shi duka don a yabe ki, ki fara sayen katifa da tukunya. Za ki kuma ji dangi daga Takanamat waɗanda ko ni ban san da su ba suna kiranki. Ki gaishe su da kyau, ki ce za ki yi shawara da innarki. Sunanta kaɗai ya isa.

Saura abu ɗaya. Sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa tun kina cikin zane ban taɓa iya yi miki tsawa ba. To yau ɗanki ne ya yi ɓarna, yana neman gafara. In kin yafe, ranar da kika kira salular innarki ki ce a ba Baba. In kuma zuciyarki ba ta sauka ba tukuna, ba komai, ku yi hirarku. Ina nan kusa da ita ina gyaran wani abu da bai lalace ba, zan ji muryarki.

Ki gai da mutanen gidan da kika sauka, ki riƙe salla, ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah shi tsare ki a hanya da masauki, a ƙasa da bisa tanki. Allah shi haɗa ki da shugabanni masu tsoronsa da abokan aiki na gari, shi sa albarka a cikin abin da za ki samu, shi maido mana ke lafiya. Allah shi kare ki daga sharrin maƙiyi, shi kuma kare ki daga taimako irin nawa. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Mamman mai magaza, Tawa.